Shagon dayino ko makanikinka na kullum: amsa ga mai babur ɗin daji da ya canja salansa

Ɗan'uwa na ga tambayarka. Ka ce babur ɗinka na daji ne, 250 fo-sitirok, ka cire salansar kamfani ka ɗaura wata mai buɗaɗɗen baki, tun daga ranar in ka saki totur sai ya dinga harbi ta baya fat fat fat, in kuma ka murɗa da sauri sai ya shaƙe kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Kana so ka ji ko shagon ƙwararru masu na'urar dayino, wadda ake auna ƙarfin inji da ita, za ka kai shi, ko ka bar wa makanikin da ka saba da shi ya saita da kunne. Ni dai duka biyun na bi, kuma kowanne akwai inda ya fi ɗan'uwansa, sai dai ba ka faɗa mana abu ɗaya ba wanda shi ne kan maganar, kafireta ce a mashin ɗin ko injekta? Bari in yi maka ta fuska biyun kawai.

Farko dai ka san me kowannensu yake gani. Makanikinka kayan aikinsa kunne ne da hanci da filogi. Zai tayar da mashin ya saurari silo, ya murɗa totur ya saki ya ji yadda ƙara take sauka, in ta rataye sama ta daɗe ba ta sauko ba ya san mai ya yi kaɗan, sannan ya hau ya zaga ya dawo ya kwance filogi ya duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat iska ta fi mai yawa, baƙi mai toka-toka mai ya yi yawa. Wannan ilimi ne na gaske, kar wani ya raina shi. Amma filogi labarin jimla yake ba ka, ba zai gaya maka cewa a rabin totur komai daidai ne amma a can ƙarshen totur mashin yana jin ƙishirwa ba.

Shi kuwa mai dayino zai ɗaure babur da bel a kan wani dandamali, tayar baya tana zaune a kan wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe mai nauyi, a kunna fanka a gaba saboda zafi, ya sa giya ta uku ko ta huɗu ya buɗe totur har ƙarshe. Kwamfuta tana lissafin saurin da tayar ta juya gangar, daga nan take fitar da zanen ƙarfin doki da ƙarfin juyi a kowane matakin gudun inji. Amma wallahi a wurina ba wannan zanen ne abin da kake biya ba. Abin da kake biya shi ne sensar da suke zurawa cikin salansa, wadda take karanta yawan iska da yawan mai a cikin hayaƙi. Fetur zalla yana ƙonewa tsaf ne a kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, amma inji ya fi ba da ƙarfi in an ɗan ƙara masa mai, wajen 12.5 zuwa 13.2 in totur a buɗe yake gaba ɗaya. In lissafin iska da mai ya haura 14 a cikakken totur to inji yana ɗaukar zafin da bai kamata ba, kuma wannan kunne ba ya jinsa, sau da yawa ma mashin ɗin daɗi yake yi a hannu, ƙara tana fita tas, har ranar da fistin zai gaya maka gaskiya. A tu-sitirok abin ya fi muni don man da ke shiga shi ne yake ɗauke da baƙin mai mai shafe fistin, in ya yi kaɗan sai nokin.

To in kafireta ce, a nan makanikin kirki yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shagon. Kafireta hanya uku take ba da mai. Ƙaramin jet na silo, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da mai ke bi, shi ke riƙe da kai daga rufe totur zuwa kwata, allura ta karɓa daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma daga nan zuwa ƙarshe. Harbin da kake ji in ka saki totur yawanci yankin ƙaramin jet ne, ko kuma iska ce ke shiga ta mahaɗar salansa da kan inji saboda ba a sa sabon gasket ba lokacin da aka ɗaura, kuma na biyun nan ya fi yawa fiye da yadda mutane suke zato, a fara dubawa can kafin a taɓa komai. In ba ɗigo, sai a je ga sukurun mai da ke ƙarƙashin kafireta. A fo-sitirok in ka kwance shi waje ƙara mai kake yi, a tu-sitirok kuwa sukurun iska ne, kwancewa rage mai ne, kada a haɗa su. In sai da aka kwance shi ya wuce zagaye uku kafin silo ya daidaita to jet ɗin ne ya yi ƙanƙanta, a sa na gaba da shi. Shaƙewar nan kuma ta murɗa totur da sauri, in kafireta samfurin Keihin FCR ce a mashin ɗin kamar yadda take a yawancin fo-sitirok na tsere kafin zuwan injekta, akwai ɗan famfo a jikinta da yake fesa mai lokaci guda in ka fizgi totur. Cire filta ka leƙa da tocila, ka murɗa, ya kamata ka ga siririn mai ya fita ya wuce ba tare da ya bugi ƙofar da ke buɗe wa iska hanya ba. In bai fita ba ko ya makara, ga ɓarawonka nan. Duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta, haƙuri yake buƙata da canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Makanikin da zai canja jet, ya ɗaga allura, ya murɗa sukuru duk a zama ɗaya, ko mashin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Inda shagon ya fi shi ko a kafireta shi ne babban jet, don gwada cikakken totur a giya ta sama a cikin daji ba wasa ba ne, sai ka sami fili mai tsawo, ka kashe inji a guje, ka kwance filogi da zafinsa. A dayino ana yin wannan cikin daƙiƙoƙi kana tsaye kana kallo.

In kuwa injekta ce, gaskiya maganar ta canja, makanikinka ba shi da sukurun da zai murɗa. A cikin manyan kamfanonin Japan Suzuki ce ta fara fito da injekta a babur ɗin tseren ƙasa da RM-Z450 na 2008, Honda da Kawasaki suka biyo a 450 ɗinsu na 2009, Yamaha a 2010, ƙananan 250 suka biyo baya, har KTM ta kai abin kan tu-sitirok ɗinta na 2018. Mai a waɗannan ƙwaƙwalwar mashin ce take auna shi, wadda makanikai ke ce wa biren bos, bisa wani jadawali da aka rubuta mata. Tana da sensar zafin iska da ta nauyin iska, don haka in ka hau tudu ko gari ya yi sanyi tana gyara kanta. Amma yawancin na tsere ba su da sensa a salansa, ke nan ba ta san ka canja salansa ba, tana nan tana ba da man da aka rubuta mata don tsohuwar. Mutane da yawa suna cewa ai injekta tana saita kanta, a nan suke ruɗuwa.

Hanyoyin gyara jadawalin kuma sun bambanta. Yamaha tun YZ450F na 2018 ta ba da manhajar Power Tuner a waya, ka haɗa da mashin ka ƙara mai ko ka ja lokacin wuta da kanka, kuma sun iyakance abin yadda ba za ka yi ɓarna mai yawa ba. Suzuki da tsofaffin samfuran Kawasaki suna zuwa da 'yan toshe masu launi daban, ka cire wannan ka sa wancan jadawali ya canja. Wasu kuma sai an sake rubuta ƙwaƙwalwar, ko a sa ta kamfanin Vortex ko GET, ko a liƙa na'urar gyara mai ta Power Commander a tsakani. Da zarar an kai matakin rubutu to ni ban yarda a yi shi da ka ba, a yi a kan dayino da sensa a salansa. Ka kuma sani in mashin yana da garantin kamfani taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kashe shi.

Sai dai fa kar ka ɗauka dayino waliyyi ne. Gangar nan santsi gare ta kuma nauyinta ɗaya ne kullum, ba ta san yashi ba, ba ta san taɓo ba, ba ta san hawan dutse a giya ta ɗaya kana wasa da kuloci ba. Kai kuma a daji rabin rayuwarka tsakanin silo da rabin totur take. Dayino iri biyu ne, akwai mai ganga kawai wanda ya fi dacewa da gwajin cikakken totur, akwai kuma mai birkin lantarki da zai iya riƙe inji a gudu ɗaya a auna kwata totur, a auna rabi. Ka tambaye su wanne gare su tun kafin ka ɗauko mashin. In mai ganga kawai ne za su ba ka lamba mai kyau a sama, ƙasan kuma inda matsalarka take sai dai su ma su yi da kunne kamar makanikinka. Sannan tayar daji mai haƙora zamewa take a kan ganga ta ɓata lissafi, shagon da ya san aikinsa zai sa maka tayar kwalta kafin gwaji. In ka ga za su ɗora ta haka da haƙoranta, ka fara shakka.

Akwai kuma wasan lamba. Kwamfutar tana gyara sakamako bisa zafi da nauyin iskar ranar, kuma ma'aunin gyaran ba ɗaya ba ne, na STD yana nuna lamba sama da na SAE a gwaji ɗaya. Don haka takardar wani shago ba a gwada ta da ta wani. Ka nemi gwajin kafin a taɓa da na bayan an taɓa, rana ɗaya, na'ura ɗaya, ma'auni ɗaya, kuma layin iska da mai ya fito a takardar. 250 na zamani yana wajen doki 40 ne a taya, salansa da saiti ɗan kaɗan za su ƙara, abin da za ka fi ji shi ne yadda totur zai zama sumul ba tsalle ba shaƙewa. Wanda ya yi maka alkawarin 250 zai koma 450, gaishe shi ka wuce.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Na taɓa kai nawa wani shago da irin wannan ƙorafin, ina ta zumuɗi a ɗora a ganga in ga lamba. Mutumin ya taka kik sau biyu da sanyi, ya ce wannan ba za ta hau ba yau. Ya buɗe murfin kan inji ya zura siririn ma'aunin nan tsakanin kam da bawul, na shan iska ko shiga bai yi ba, sun matse gaba ɗaya. Ya ce in ya saita mai a kan haka, sati biyu zan dawo ina zaginsa. Na ji haushi ranar don na yi tafiya, amma bayan an gyara tazarar bawul aka wanke filta aka shafa mata mai, rabin ciwon ya tafi tun kafin a kunna kwamfuta. Kuma ka lura, wannan aikin makanikina zai iya yinsa tsaf, ni ne ban kai masa ba don idona ya rufe da son na'ura. Saboda haka kafin ka je ko'ina a duba bawul, a gwada ko ringi yana riƙe iska, a wanke filta, sabon filogi, a zubar da tsohon mai, a tabbatar robar da ke tsakanin kafireta da inji ba ta tsage ba. Lokacin dayino da awa ake lissafa shi, asara ce ka biya awa ana neman jet ɗin da datti ya toshe.

Wani abu da babu ruwansa da inji amma mutane suna ɗora wa inji laifi, haƙoran sarƙa. In ƙorafinka mashin ba ya fizga a ƙasa, ƙara haƙori biyu a farantin baya zai canja maka shi fiye da yadda kake tsammani, rage haƙori ɗaya a gaba kuma kusan ƙara uku ne zuwa huɗu a baya. Sai yanayin wuri, inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau sama saboda iska ta yi sirara, kafireta kuma ba ta san haka ba, sai mai ya yi mata yawa. In shagon yana ƙasa kai kana hawa a kan tsauni, ka gaya musu, kuma ka riƙe jet ɗaya ko biyu ƙanana a jaka.

Ni a naka, in kafireta ce kuma salansa kaɗai ka canja, makanikinka ya isa, gasket da ƙaramin jet da famfon nan zai duba, kai kuma ka gwada a filin da ka saba hawa. In ka haɗa da canja kam, ko fistin mai matsi sosai, ko an faɗaɗa silinda, ko kuma injekta ce ba ta da manhajar waya, ɗauke shi zuwa shagon, amma bayan an gama 'yan dube-duben can, kuma ka ce a ajiye maka jadawalin kamfani na asali ko da za ka so komawa. Turo mana shekarar mashin ɗin da samfurinsa, da hoton bakin filogi bayan ka yi tafiya mai ɗan tsawo ba bayan silo a tsakar gida ba, sai mu ga ta ina za a fara.