Gargaɗi: an damfare ni da sunan jitar bes ta 1964

Jama'a, kwana 6 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau na ce ko me za a ce mini sai na faɗa, don mutumin da ya sayar mini da jitar har yanzu yana nan yana talla, suna kawai ya sake. Kuɗin da na tara wata 14, da kuɗin jitata da na sayar, da bashin da na ci a wurin mai gangar ƙungiyarmu, duk ya haɗa ya yi awon gaba da su, ya turo mini katakon banza a cikin akwati. Wata 14 ina matse bakin aljihu. Allah ya isa tsakanina da shi.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, ku tsaya ku ji. Shekara 11 ina kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, a ƙungiya, ba jiya na fara ba. Na san abin da nake nema kuma na san dalilin nemansa. Precision nake so, ta kamfanin Fender, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, aka sake mata fasali a 1957 aka sa mata fikof ɗin nan (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai gida biyu da ke kashe gunjin lantarki. Na daɗe ina auna ta da Jazz Bass, wadda ta fito a 1960. Jazz tana da fikof 2, wuyanta siriri ne, ta fi daɗin riƙo ga mai ƙaramin hannu, kuma muryarta ta fi fitowa sarari. Amma mu muna da jita 2 da mai fiyano da masu busa, kowa na neman wuri. A irin wannan cunkoso Precision ce ke zama daram a tsakiya, ta haɗe da babbar ganga, ba ta faɗa da kowa kuma ba ta ɓacewa. Irin sautin da makaɗin bes James Jamerson ya yi ta zubawa a faifan kamfanin Motown a Detroit da Precision ɗinsa ta 1962, shi ne a kunnena tun ina koyo. Ba a makance na zaɓa ba.

Mai tallan ya ce tasa ta 1964 ce. Duk wanda ya san harkar ya san me wannan shekara ke nufi: a watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kuma waɗanda aka ƙera kafin cinikin su ake rububi. Ya ce ta mahaifinsa ce, ya rasu, shi ba ya kiɗa, yana son ta je hannun wanda zai kaɗa ta a gaban jama'a maimakon mai rataye ta a bango. Ya rage kuɗin sosai a kan yadda ake sayar da irinta. Na sani, na sani, a nan ya kamata jikina ya ba ni. Kuma ya ba ni ɗin, shi ya sa na yi ta yi masa tambayoyi har kwana 9.

Ga wurin da ke hana ni barci. A dare na uku ko na huɗu, muna magana a waya, na tambaye shi lambar da ke bayan jitar. Sai ya ce mini, da muryarsa a sanyaye: "Ɗan'uwa, kada ka yarda da lamba kaɗai. 'Yan damfara sun yi yawa. Ka ce in kwance wuyan in nuna maka hatimin da ke gindinsa, ka ce in buɗe cikinta ka ga lambobin maɓallan sauti. Ko ni kada ka yarda da ni sai ka gani." Ko ni kada ka yarda da ni sai ka gani. Wallahi wannan maganar ce ta kwance mini ɗamara. Na ce a raina, ɓarawo ba zai koya maka yadda ake kama ɓarawo ba. Na ma yi masa godiya. Na ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, irinku sun yi ƙaranci." Da bakina na faɗa. Kullum na kwanta sai na ji muryar nan tana dawo mini, ko ni kada ka yarda da ni.

Kuma ya turo duk abin da ya ce in nema. Farantin ƙarfen da ke bayan wuya, mai noti 4, da lamba mai farawa da harafin L, kamar yadda Fender ta yi daga 1963 zuwa 1965. Hoton gindin wuya da hatimin tawada: 5, sannan wata, sannan 64, sannan C. Lamba 5 ita ce ta Precision, C kuma faɗin wuya ne, inci 1 da kashi 3 cikin 4 a wurin da tsirkiyoyi ke hawa kai. Hoton cikinta da lambar da ke jikin maɓallan sauti, 137 a farko, wato kamfanin CTS, sai 64, sai makon da aka ƙera. Wayoyin ciki masu rigar zare. Ɗigo-ɗigon kan wuya masu launin yumɓu marasa ƙyalli. Fentin ya tsattsage sirara-sirara yadda tsohon fentin wancan zamani ke yi. Na zauna da hotunan nan dare 2 ina buɗa su ina ƙara girmansu ina gwadawa da abin da na sani. Babu inda suka saɓa. To ina suka saɓa, tunda hotunan jitar gaske ce? Ba tasa ba ce kawai.

Sau 3 na tura masa kuɗi. Na farko rabi, kafin alƙalami, wai don ya janye tallan saboda wani na matsa masa. Wannan rabin shi ne ajiyata ta wata 14. Na biyu ciko, wanda na haɗa da kuɗin tsohuwar jitata. Jitar da na yi shekara 7 ina aiki da ita, ba ta taɓa ba ni kunya a dandali ba, na sayar da ita cikin kwana 2 a ƙasa da darajarta don kada wannan ta wuce ni. Na uku kuma wai na inshora da akwati mai ƙarfi, don tsohon kaya ba ya son wurgi a hanya. Shi na ranta. A'a, na yi kuskure, na ranci kuɗin tun kafin in tura ciko, don cikon bai cika ba, na inshorar kuma ragowar bashin ne. Kaina ya ɗaure, amma rasit 3 suna nan a wayata da ranakunsu, zan sa su.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin na farkon na nemi mu yi kiran bidiyo. Ya ce kyamarar wayarsa ta fashe, sai ya turo bidiyo na daƙiƙa 40, hannu yana juya jitar, fuska ba ta fito ba. Kuma na nemi mu bi ta hanyar biyan da ke riƙe kuɗi har kaya ya iso hannun mai saye. Ya ce ana cire masa kaso mai yawa, ga shi ya riga ya rage mini, in tura kai tsaye. Na yi shiru kamar minti 5 ina kallon wayar. Sai maganar nan ta dawo mini, mutumin da ya ce kada in yarda da shi sai na gani, kuma ai na gani. Na tura.

Kaya ya iso fa. Wannan ne ya ƙara rufe mini ido, don da bai turo komai ba da tun ranar na gane. Na buɗe akwati hannuna na rawa. Launin shi ne, baƙi a gefe, ja, rawaya a tsakiya. Tambarin Fender a kai. Na juya bayanta, lambar L ɗin nan ce, daidai da ta hoto, ba ƙari ba ragi. Na kira 'yan ƙungiyarmu ɗaya bayan ɗaya ina ba su labari.

Abu ɗaya na lura da shi a ranar. Maɗauran tsirkiya na tsofaffin Fender a baibai suke juyawa, saɓanin na yanzu. Nata kuwa irin na yanzu ne. Na rubuta masa, ya amsa nan take, wai mahaifinsa ya canza su da daɗewa da na asalin suka lalace, zai duba ko suna cikin kayansa ya aiko mini. Na yarda, don ana canza su, wannan ba baƙon abu ba ne a jitar da ta shekara 60.

A wurin atisaye sautin ya ƙi. Siriri, ba nauyi, tsirkiya ta huɗu kamar ana buga kwali. Na ɗora wa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, laifi. Na ɗora wa wayar da ke haɗa su. Na sayo sababbin tsirkiyoyi masu santsi irin waɗanda Jamerson ke amfani da su, na cusa soso a gindinsu, duk a banza. Mai gangarmu, wanda na ci bashinsa, ya dube ni ya ce, "Anya kuwa?" Na hau shi da faɗa. Na ce kunnensa bai saba da tsohon kaya ba. Mutumin da ya ba ni kuɗinsa ba tare da ya tambaye ni ranar biya ba, shi na yi wa tsawa a gaban kowa saboda ɓarawo. Na ba shi haƙuri daga baya, ya ce ya wuce, amma ni bai wuce mini ba.

Da na sa sababbin tsirkiyoyin wuyan ya lanƙwashe, suka yi sama, yatsa ba ya iya danna su. Sai na kai wa dattijon da ke mana gyara. A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa don miƙar da shi, kuma a Fender ta 1964 kan sandar a gindin wuya yake, sai an sassauta wuyan ko an cire shi ake kai masa. Ya kwance noti 4 ɗin, ya zare wuyan, ya juya gindinsa. Babu hatimi. Babu 5, babu 64, babu C. Babu ma kan sandar. Katako ne fari sumul. Ya ɗauki wuyan ya kai kusa da fitila, ya sa farce ya kankare wani wuri a kai, sama da inda tsirkiyoyi ke hawa, sai ga rami an toshe an shafe da fenti. Ta can ake ɗaure sandar, irin na jitocin yanzu masu araha.

Bai ce komai ba, ya ci gaba da kwancewa, ni kuma ina tsaye gumi na keto mini. Ramin da wuya ke zama ya nuna jikin falle-fallen katako ne aka manna, alhali ta gaske katakon alda ne. Wayoyin ciki na roba. Maɓallan sauti 'yan ƙanana, babu 137, babu wata lambar kirki. Fikof ɗin da ya ɗaga, guntun baƙin maganaɗisu ne aka liƙa a ƙasa da gam, ta gaske kuwa sandunan nan 8 da ake gani su kansu su ne maganaɗisun. Tambarin sitika ce. Tsufan jikin da samfefa aka yi shi, har a wuraren da hannun makaɗi ba ya taɓawa. Na ce, "Baba, amma lambar fa? Lambar ta yi daidai." Ya ce, "Ɗana, faranti ai noti 4 ke riƙe da shi. Ana sayar da sabo, ana buga masa lambar da aka ga dama." Na ce, "Baba, ko wani abu guda na gaske babu a jikinta?" Ya ce tsirkiyoyin da na saya.

A nan shagon na kira mai tallan, waya a kashe. Na rubuta, saƙo bai shiga ba, ya toshe ni. Ko kuwa tun kafin nan ya toshe ni, don yanzu da na duba, saƙona na ƙarshe da ya karanta na maganar maɗauran nan ne, bayansa duk ni kaɗai nake ta surutu ina gaya masa yadda nake jin daɗinta. Mai fiyanonmu ya ɗauki hotunan ya bincika su a intanet, cikin minti 10 ya gano su a wani tsohon talla na wani shagon kayan kiɗa, an sayar da jitar tun da daɗewa. Hotunan nan ne, har da zanen da ke kusa da maɓalli. Ɗan damfarar ya yanke sunan shagon daga gefe kawai. Minti 10. Ni na yi kwana 9 ina duba hatimi da lambobi, ban yi wannan ba, don ban taɓa kawowa a raina cewa hoton zai zama na gaske kayan kuma na wani ba.

Na kai ƙara, na sanar da bankina, an ce tunda da hannuna na tura kai tsaye sai dai in jira. Ina jira. Zan sa hotunan hirarmu gaba ɗaya, da rasit 3, da hoton gindin wuyan da ya turo kusa da wanda Baba ya kwance, da sabon tallan da ya sa, wai yanzu Jazz Bass ta 1962 ce ta ƙanin mahaifinsa. Zan rufe lambobin asusu, saura kuwa za ku gani da idonku.

In za ku sayi tsohuwar bes, kada ku tura ko kafin alƙalami sai kun riƙe ta a hannu an kwance wuyan a gabanku, ko mai gyaran da kuka yarda da shi ya gani. Ku bincika hoton kafin ku bincika lambar. Wanda ya ƙi kiran bidiyo ko ya ce a tura kai tsaye, ku rabu da shi.

Asabar mai zuwa muna da wasa, ba ni da jita. Wanda ya sayi tawa na kira shi, ya ce ba zai sayar ba. Wata 14, da jitata ta shekara 7, da bashin da zan fara biya ƙarshen watan nan. Baba ya ce zai ara mini wata da ke rataye a shagonsa, in je in karɓa ranar Alhamis.