Tsakanin selinux=0 da enforcing=0: wanne ya fi dacewa idan sabar ta ƙi tashi?

Ɗan'uwa, ka ce ka gyara fayil ɗin /etc/selinux/config a CentOS 7 domin kashe SELinux, tsarin tsaron Linux da ke kayyade abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, da ka sake kunna sabar kuma sai ta tsaya cak da saƙon "Failed to load SELinux policy", kana son sanin wanne za ka sa cikin umarnin biyu da aka ba ka, wato selinux=0 da enforcing=0.

Zato mafi ƙarfi shi ne ka rubuta disabled a layin SELINUXTYPE maimakon layin SELINUX, domin suna kusa da juna kuma sun yi kama. Layin SELINUXTYPE sunan kundin dokoki yake ɗauka, wanda a bisa al'ada targeted ne. Da ka canza shi, sai systemd, manhajar da ke tayar da tsarin, ya nemi kundin da babu shi, kuma tunda tsarin yana matakin tilasta bin dokokin (enforcing), ya gwammace ya daskare da ya tashi babu tsaro.

Duka biyun za su shigar da kai. A allon GRUB, wanda ke fitowa da farko idan sabar tana tashi, ka danna e, ka je ƙarshen layin da ya fara da linux16, ka ƙara ɗaya daga cikin umarnin biyun, sannan ka danna Ctrl da x tare.

Bambancin yana kan abin da zai biyo baya. selinux=0 yana kashe SELinux gaba ɗaya, don haka duk fayil ɗin da aka ƙirƙira a lokacin ba zai samu tambarin tsaro da SELinux ke sa wa kowane fayil ba, kuma ranar da ka dawo da tilastawa ba tare da ka ƙirƙiri /.autorelabel ba, wato fayil ɗin da ke sa a sake sa wa dukkan fayiloli tambari yayin tashi, shiga ma tana iya gagarar ka. Shi kuwa enforcing=0 sassauci ne kawai: da zarar kundin dokokin ya lodu, ana ci gaba da sa tambari, ba a hana komai, amma ana rubuta duk abin da ya saɓa doka a /var/log/audit/audit.log, inda za ka ga ainihin abin da ya takura wa manhajarka tun farko.

Ni dai na fi amincewa da enforcing=0. Ka shiga da shi, ka mayar da SELINUXTYPE=targeted, ka sa SELINUX=permissive (matakin sassauci), ka ƙirƙiri /.autorelabel, sannan ka sake kunnawa, ka yi haƙuri ya gama sa tambarin. Idan kuma wata rana ka koma RHEL 9 (Red Hat Enterprise Linux 9), rubuta disabled a fayil ɗin ba ya kashe shi ɗungurungum; sai da umarnin grubby --update-kernel ALL --args selinux=0.