Taron Jami'ar Ibadan: kwana a Sabo ko a cikin makaranta?

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gabatar da maƙala lafiya. Tunda kina tsakanin sauka a gidan 'yan'uwa a Sabo da biyan kuɗin ɗaki a Jami'ar Ibadan, ba zan yi miki kwana-kwana ba, ki kama ɗaki a cikin makarantar. Sabo ki bar ta sai an tashi daga taro, ki je ki gaisa, ki ci tuwo, ki dawo makwancinki.

Na san abin da ke jan ki can. Duk Bahaushen da aka ce masa Badun, wato Ibadan, Sabo ce ke fara faɗo masa a rai, kuma da gaskiyarsa. Tun 1916 aka ware wa mutanenmu unguwar, zamanin fataucin goro da shanu, har yau kuma tana nan da sarkinta da masallatanta da 'yan canjinta, ga masu tsire da Yarbawan gari ke yi wa layi da daddare. Sai dai Sabo a gefen Mokola take, jami'ar kuwa tana can arewacin gari a kan hanyar Oyo, dole sai kin ratsa Sango kafin ki kai babbar ƙofa. In kin duba taswirar waya za ki ga kamar nan da can ne. Da safe, lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa suka fito gaba ɗaya, tafiyar takan ninka.

Ni a masaukin baƙin jami'ar na sauka, wanda suke kira UI Hotels, kuma har yau in aka ambaci taro a Kurmi shi nake fara tunawa. Ba wani ƙayataccen wuri ba ne, ginin ya kwana biyu, amma ya yi min abin da nake so. Da asuba ina jin kiran salla daga babban masallacin makarantar. In na karya sai in rataya jakata in taka da ƙafa a ƙarƙashin manyan bishiyoyin nan nasu, in isa zaure ana jera kujeru. Da aka ba da hutun azahar, sauran mata na neman inda za su yi alwala su shimfiɗa ɗankwali a lungu, ni kuwa na koma ɗaki na yi salla a natse, na sake duba takarduna, na dawo ba a fara ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daren da na gabatar da tawa maƙalar. Ruwa ya tsuge tun la'asar, irin ruwan Kurmi da ba ya shawara da kowa, waɗanda suka sauka a cikin gari duk suka watse neman mota. Mu da muke ciki muka haɗu a ɗakin cin abinci. Wata tsohuwar farfesa Bayarabiya da ta saurare ni da rana ta yafito ni, ta ce in kawo takardar. Ta ciro jan biro daga jaka, ta sa tabarau, tana shan shayi tana bin ta layi-layi. Ta zagaye wani sakin layi ta ce nan ne zuciyar aikin, me ya sa na ɓoye shi a shafi na tara. Ta rubuta min sunayen mujallu biyu a bayan takardar abinci. A zaure minti goma sha biyar ake ba mutum, a yi masa tambaya biyu a tafa, a kira na gaba. Irin wannan zama na dare sai wanda ya kwana inda manyan suka kwana yake samunsa, kuma ke da kike farkon tafiya shi kika fi bukata.

Makarantar kanta ba za ki ji baƙunta sosai ba. Ita ce jami'a ta farko a ƙasar nan, tun 1948, kuma cikin ɗakunan kwanan ɗalibai akwai mai sunan Sarkin Musulmi Bello, akwai mai sunan Tafawa Balewa. Daga babbar ƙofa akwai keke da ƙananan tasi masu kai mutane sassa daban-daban. Abu ɗaya za ki tabbatar, sunan zauren taron. Trenchard Hall yana tsakiyar makaranta, babbar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa kuwa tana bakin titi ta wajen ƙofa ta biyu, in an nufi Ojoo. Wasu tarukan ma a ɗakin lacca na tsangaya ake yin su. Filin yana da girma, kada ki ce wa direba "jami'a" kawai ki yi shiru.

Sabo kuwa, na taɓa kwana a can a gidan dangin maigidana, kuma karamci kam an yi min, Allah ya saka. Amma baƙuwa daga gida ba ta da ikon rufe ƙofa ta ce tana aiki. Hira har sha biyu, kowa na tambayar mutanen Arewa, da safe kuma ki fito ki tsaya neman Micra, 'yar ƙaramar motar hayar garin da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, ke ga hijabi ga jakar kwamfuta a cinya. Kuɗin ɗakin da kika tsira da shi, wani ɓangarensa zai tafi a shatar mota da tsarabar masu gida.

Wuri ɗaya ne zan sauya magana. In taron na likitoci ne ko ma'aikatan jinya, ki sake karanta takardar gayyata da kyau, domin kwalejin koyon aikin likita ba a babbar harabar take ba, tana asibitin koyarwa na UCH, shi kuwa ya fi kusa da Mokola da Sabo sosai. In can ne, sauka a Sabo ya zama hikima.

Ɗakunan cikin makaranta sukan ƙare da wuri in taron babba ne, don haka ki nema tun yau. In kin rasa, ki duba Bodija, unguwa ce mai natsuwa kuma ba nisa, ga kasuwarta cike da mutanenmu masu hatsi in kin yi kewar jin Hausa. Agbowo tana daura da babbar ƙofa, tsallaka titi kawai za ki yi, ta fi araha, amma unguwar ɗalibai ce, akwai hayaniya. Ko'ina ne, ki tambayi abu uku kafin ki biya: ƙarfe nawa ake kunna janareto a kashe, akwai ruwa a banɗaki, kuma akwai mashaya ko wurin kiɗa a harabar. Na ƙarshen nan ki tambaya kai tsaye, ba za su faɗa miki da kansu ba.

Batun hanya, in aljihu zai ɗauka, ki hau jirgin sama zuwa Legas ki kama jirgin ƙasa. Tun 2021 layin Legas zuwa Ibadan yake aiki, tafiyar ba ta wuce awa uku ba, a zaune cikin sanyi. Ba sai kin shiga har Ebute Metta ba, tashar Agege ta fi kusa da filin jirgin Ikeja. Ki lura da nan sosai: jirgin yana tsayawa a Omi-Adio, za ki ga mutane na sauka ana cewa an iso Ibadan, ki yi zamanki. Taki tashar ita ce ta ƙarshe, Moniya, wadda ke arewacin gari, daga nan ki biyo ta Ojoo sai ga ki a makaranta ba tare da kin shiga tsakiyar gari ba. Jirgin ba ya tashi kowace awa, saboda haka ki daidaita saukarki Legas da lokacinsa, kada ki ɗauki jirgin sama na yamma ki ce za ki same shi.

Doguwar motar dare daga Kano ita ma tana kaiwa, ta fi sauƙin kuɗi, iyakar yabon da zan yi mata ke nan. In ta bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, a Ojoo za ki sauka, kusa da jami'a. In ta zagaya ta Lokoja da Akure, Iwo Road za ta ajiye ki. In tireloli suka toshe hanya babu mai ce miki ga lokacin isa, don haka wanda zai bi mota ya bar kwana guda a tsakani, kada ya sauka da kumburarrun ƙafafu ya wuce kan mumbari.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, domin an cuci mutane da yawa ta nan. Da zarar an buɗe zauren WhatsApp na mahalarta taro, sai wasu su kutsa ciki da sunan wakilan masauki. Za su turo hotunan ɗaki mai kyau, su ce saura biyu, a tura rabin kuɗi don a riƙe. Asusun da za su bayar sunan mutum ne a kai, ba sunan otal ba. Ki isa da jakarki a ce ba a san da zuwanki ba, lambar kuma a kashe. Har a taswirar Google akan liƙa lambar bogi a ƙarƙashin sunan otal na gaske. Kada ki tura ko sisi sai ta lambar da ke cikin takardar kwamitin shirya taron, kuma ki kira sakataren kwamitin da bakinki ya tabbatar miki. Haka tikitin jirgin ƙasa, ki saya da kanki ta intanet da lambarki ta NIN, ki rabu da masu tare mutane a bakin tasha suna cewa ya ƙare amma suna da na ajiya. A Moniya ma direbobi in sun ga baƙo sukan tsuga kuɗi, ki buɗe Bolt, manhajar kiran tasi a waya, ki ga farashin da ya nuna kafin ki yi ciniki da kowa, kuma kada ki shiga motar da ba ta tasha ba in duhu ya yi.

Ki karɓi rasit mai hatimi da sunanki a kan komai, ɗaki da tikiti da kuɗin rajista. In makarantarku ce ko TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke ɗaukar nauyin tafiyar, sai da su za a rufe lissafi, kuma mai masaukin da ya ce zai turo miki daga baya da wuya ya turo. Ki sa lema da 'yar rigar sanyi a jaka in taron ya faɗo a damina. In amala da miyar ewedu ba su karɓe ki ba, shinkafa da wake ba sa wuya a makarantar, kafin ki samu zuwa Sabo.

Ki turo min sunan zauren da ranar da aka sa ki, in gaya miki ƙofar da za ki shiga da jirgin da ya kamata ki kama.