Buhun PICS ko ƙwayar Phostoxin, wanne ya fi a ajiyar wake?

Salamu alaikum. Ɗan uwa da ka ce ka samu wake buhu takwas bana kana so ka ajiye sai farkon damina lokacin da zai yi kuɗi, kana tambaya ƙwayar magani za ka saka ko buhun nan mai leda biyu, wato PICS, za ka saya, to ga nawa, don duka biyun na taɓa yi.

Ƙwayar dai, wato Phostoxin, gas take fitarwa da zarar ta sha danshin iska, gas ɗin ne ke kashe ƙwaron. Tana aiki kam, ga araha, shi ya sa ƴan kasuwa ba sa rabuwa da ita. Amma ka san gas sai an tsare shi, mu kuma buhun saƙa muke jefa ta ciki mu jingine a shago, rabin ƙarfin ya tsere ta ramukan buhu, kuma da ya gama fita shikenan babu sauran kariya, sabon ƙwaro ya shigo ya ci gaba daga inda ƴan uwansa suka tsaya. Sai ka ga bayan wata biyu ko uku kana sake sakawa. Ni shekarar da na yi haka na manta zagaye na biyu, da na kwance buhu na tura hannu sai ɗumi na ji, wake duk huji, gari a ƙasa.

Babban abin tsoron ma ba asarar ba ne. Gas ɗin da ke kashe ƙwaro mutum ma yana kashewa, don Allah ko da wasa kar a ajiye buhu mai ƙwaya a ɗakin da ake kwana ko wanda ke manne da shi. In ma dole sai ka saka, ƙulle ta a tsumma saboda tokar da take bari kar ta cakuɗu da waken. Masu yayyafa Sniper ko fiya-fiya kai tsaye kan wake kuwa ban ma sa su a lissafi ba, wannan guba ce ake ɗura wa mutane, kuma ita ta ja Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Shi kuma PICS ba magani a cikinsa ko kaɗan. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, leda biyu masu kauri sai buhun saƙa a waje. Ka ɗaure, ƙwaron da ke ciki ya shaƙe ɗan iskar da ta rage, cin ya tsaya, haihuwa ta tsaya, ya mutu shi da tsutsarsa. Ran da ka kwance ran nan za a iya dafa alale, ba jira ba shanya. Tsadarsa a sayen farko ne, amma in ledar ba ta huje ba za ka maimaita shi kaka biyu ko uku, ka ga kuɗin ya fita.

Sai dai fa yana da sharuɗa kuma nan mutane ke faɗuwa su ce buhun ƙarya ne. Wake ya bushe ƙayau, ka ciza ka ji ƙas. A sheƙe shi a fitar da tsinke da ɓawon wake don su ke huda leda. Kafin ka zuba, hura kowace leda ka matse ka ji ko tana sace iska. Sannan ɗauri uku daban daban, ta ciki ka matse iska ka murɗe bakin ka lanƙwasa ka ɗaure, sai ta biyu, sai buhun waje. Kuma a daina kwancewa kullum ana ɗibar na girki, a ware na ci a jarka.

Don buhu takwas ni PICS zan ce maka ba shakka. Ƙwaya ta fi dacewa da mai babban sito da ya san yadda ake rufe kaya da tampol. Ka dai ɗora buhunan kan katako nesa da bango, ɓera in ya samu ledar nan sau ɗaya ya gama da kai.