Gahawa mai tambari ko ta hannun manomi: wacce za a sara?

Hajiya, tambayarki ita ce: kina soya gahawa a Agege kina kai wa shaguna a Ikeja da Lekki, kina so ki tabbata ba a cuci manomi ba, ba a kuma sare daji ba. Ki nemi mai tambarin Fairtrade, ko mai koren kwaɗon Rainforest Alliance, ko ki saya kai tsaye daga Mambila? Ukun nan ba abu ɗaya suke karewa ba, shi ya sa ake rikicewa.

Fairtrade ta fi damuwa da kuɗi. Hedikwatarta tana Bonn a Jamus, kuma a harkar gahawa ƙungiyoyin ƙananan manoma take bai wa shaida. A watan Agustan 2023 ta tsayar da farashin da ba a sauka ƙasa da shi a dala 1.80 a kan kowace laba ta gahawa nau'in arabika wankakkiya. A kan wannan ana ɗora santi 20 na ƙungiya, wanda mambobi ke zama su yanke abin da za a yi da shi, sai dai santi 5 daga ciki dole ya tafi wajen inganta noma da kyan kaya. Idan kuma an noma ta ba takin zamani ba maganin feshi, da shaidar hakan, akwai ƙarin santi 40. Buhu mai kilo 60 laba 132 ne, ke nan kuɗin ƙungiya a buhu ɗaya ya ɗan haura dala 26.

Amfanin wannan farashi yana fitowa ne ranar da kasuwa ta faɗi. A 2019 arabika ta sauko ƙasa da dala ɗaya a kasuwar New York, manoma da yawa suka sayar da asara. A farkon 2025 kuwa ta haura dala 4, lokacin dala 1.80 ba ta tsinana wa kowa komai ba, santi 20 ɗin ne kawai bambanci. Sannan ki sani ƙungiya ake biya, ba manomi a hannunsa ba. Sai ta cire kuɗin sarrafawa, na mota, da na masu zuwa bincike, kafin saura ya isa gare shi. Inda shugabanni ba su da amana, tambari ba ya hana kuɗi zurarewa.

Rainforest Alliance, wadda ta haɗe da wata ƙungiyar ba da shaida mai suna UTZ a 2018, hankalinta ya fi karkata ga gona: itatuwan inuwa, kare rafi, jerin magungunan feshi da aka haramta, hana aikin yara, kuma gonar da aka sare daji aka yi ta daga 2014 zuwa yau ba ta samun shaida. Manyan gonaki ma suna shiga. Amma ba ta da farashin ƙasa. Kasuwa ta faɗi, manomi ya faɗi da ita, ko da kwaɗo a jikin buhunsa.

Abin da ya haɗa su biyun a wajenki shi ne galibin mai tambari daga waje take zuwa, Habasha, Kenya, Ruwanda ko Yuganda, da dala ake biya, ga wahalar fito da kaya a Apapa. Kuma sayen buhu mai tambari bai ba ki damar buga tambarin a ledarki ba, sai kin yi rajista da su kin sami lasisi. Wanda ya ce miki kayansa Fairtrade ne, ki nemi lambar shaidarsa ki duba ta a shafin FLOCERT, su ne masu binciken. In ya fara kame-kame, ki bar kayan.

Sai ta uku. Ana noma arabika a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, da ɗan abin da ba a rasa ba a Filato. Cibiyar binciken koko ta Ibadan, wadda gahawa ma ke ƙarƙashinta, tana da reshe a Kusuku can Mambila. A nan da naira za ki biya, kina iya sanin gonar da mai ita. Sai dai babu wani mai bincike, ke ce mai binciken. Kalmar "kai tsaye" kowa na iya rubuta ta, har dillalin da ya sayi ɗanye da arha lokacin da manomi ke neman kuɗin makaranta.

Idan wannan hanya za ki bi, a rubuta yarjejeniya kafin tsinka: farashin kilo, yawan buhu, ranar biya, da kafin alƙalamin da za ki bayar. Ki biya ƙari don a tsinki ja zalla. Kusan kilo 5 zuwa 6 na nunannun 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya, saboda haka wanda ba a biya shi wahalarsa ba zai zage reshe gaba ɗaya, kore da ja, kuma koren ne ke kawo bauri a baki. A shanya a kan gado mai raga, kada a baza a ƙasa. Danshin ƙwaya ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ki sayi na'urar awon danshi, cizo da haƙori ba awo ba ne. Kafin ki biya ragowar kuɗi ki auna giram 350 daga buhu, ki ware baƙaƙe, masu tsami, da waɗanda ƙwaro ya huda. Baƙa ɗaya tak ta isa ta fitar da kaya daga sahun gahawa ta musamman, wato mafi daraja. Ki kuma ajiye sunan ƙauye da ainihin wurin kowace gona a taswirar waya, domin dokar Tarayyar Turai ta 2023 tana neman wannan ga gahawar da za a shigar can, kuma ba ta karɓar amfanin gonar da aka sare daji aka yi bayan ƙarshen 2020. Ko ba ki da niyyar fitarwa yau, bayanin ba ya ruɓewa.

A ganinmu, tunda masu sayenki a Legas suke, ki sa ƙarfin jarinki a Mambila da rubutacciyar yarjejeniya. Mai tambari ki ɗauko kaɗan, sai in wani otal ya nemi takarda. Cikin tamburan biyu, in manomi ne damuwarki, Fairtrade ta fi kusa.

Ko wacce kika saya, laimar Legas ce abokiyar gabarki. Ɗanyar ƙwaya tana shan danshin iska, ta yi hunhuna, hunhunar kuma tana iya barin guba da suya ba ta kawar da ita duka. Ki sa leda mai hana iska a cikin buhun, ki ɗora a kan katako nesa da bango, kada ki haɗa ta ɗaki ɗaya da yaji ko kananzir don tana ɗaukar wari. Wajen lissafin riba kuma ki tuna suya tana cin kashi 15 zuwa 20 na nauyi: buhu mai kilo 60 zai ba ki kilo 48 zuwa 51 ne na sayarwa.