Kamfanin da ya kaimu farautar beyar a Alaska

Gaskiya sun san aikinsu. A Alaska ta kasar Amurka in ba mazaunin jihar bane kai, doka bata yarda ka fita farautar beyar mai ruwan kasa kai kadai ba sai da jagora mai lasisi ko dan uwanka na kusa mazaunin can, to su suka rike mana takardu har tag din dala 1000, wato alamar izini da ake makala wa beyar din da ka harba. Ranar da karamin jirgi ya sauke mu a daji jagoran ya hana harbi, wai sai bayan karfe 3 na dare, haka dokar take. Mace mai 'ya'ya kuwa ba'a tabata sam. Fata da kokon kai su suka kai aka buga hatimin hukuma kafin kwana 30. Kudinsu dai akwai zafi wallahi, abincin gwangwani kuma har ya gundureni.