Lemun tsami ko kanwa: wanne ke fidda tabo a farar shadda?

'Yar uwa, kin ce shaddar Maigida ta dawo daga walima da tabon manja a ƙirji, ga kuma jan layin tsatsa a kafaɗa daga wayar shanya, kina tambaya lemun tsami za ki sa ko kanwa. Duka biyun za ki nema, don ba aiki ɗaya suke yi ba.

Kanwa ta maiko ce: manja, man gyaɗa, romon nama, dauɗar wuyan riga. Ki fara barbaɗa hoda ko garin sitaci a kan tabon ya tsotse man, ki karkaɗe. Sai ki jiƙa farar kanwa kaɗan, ki tace saboda yashin da ke cikinta, ki haɗa da ruwan ɗumi da sabulu ki cuɗa wurin a hankali. Maikon zai tafi, amma sau da yawa ɗan ja-ja yakan rage. Wannan ja-jan, rana ce ke cinye shi, mu kuwa a Katsina rana ba ta yi mana wuya. Ki shanya rigar da danshinta a tsakar gida. Kada dai dutsen guga ya hau wurin sai tabon ya fita, zafi na kama shi da zare.

A kan tsatsa kanwa ba ta da ta cewa. Nan lemun tsami ne sarki: ki matsa a kai, ki zuba gishiri, ki bar shi a rana ya ɗan sha iska, ki ɗauraye. In kin sa wa tsatsa Hypo, wato ruwan bilic, ƙara zama take yi. Shi kuma lemun, ko kin matse kwano guda a kan manja, asara ce.

Zobo, shayi da goro ma na lemun tsami ne. Kanwa duhu take ƙara musu. Ki ɗiga ruwanta a kofin zobo ki ga yadda launin ke juyewa.

Kada ki haɗa su a roba ɗaya, kumfa kawai za su yi su kashe ƙarfin juna. Kanwa tukuna, ɗauraya sosai, sannan lemun. Lemun da Hypo kuwa ko kusa, iskar da suke fitarwa guba ce, tana shaƙe mutum.

Atamfa da rinanniyar shadda, ki gwada a cikin kalmasa kafin ki taɓa gaban riga, don duka biyun suna iya cin launi. Ƙyallin shadda zai ragu bayan wannan wanki, sai a sa mata sitaci a kai wa masu bugu.